Zuwa Mambila da mota daga Kano: hanya, birki, da watan da ya fi dacewa

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Muna shirin zuwa Gembu daga Kano, manya biyar da yara biyu, a Sienna ƙirar 2008 otomatik. Ruwa da daji da tsauni ake son gani, ba sauri ake yi ba. Ta ina za a bi, kwana nawa za a ware, kuma me za a duba a motar? Wasu na cewa a je a Agusta lokacin da ko'ina ya yi kore shar, wasu na cewa kada a kuskura.

Direban Serti: Wa alaikumus salam Alhaji. Raba zuwan gida uku. Ranar farko Kano zuwa Gombe, ko ta Ningi da Bauchi da Alkaleri, ko ta Birnin Kudu da Darazo da Dukku. Rana ta biyu Gombe, Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, Numan, a kwana Jalingo. Rana ta uku Jalingo, Garba Chede, Bali, Serti. Daga Serti sai Mayo Selbe, nan ne gindin dutsen, sai hawa zuwa Maisamari, Nguroje, Gembu. Motocin haya suna haɗa Jalingo da Gembu a yini guda, amma mai yara ya kwana Serti ya hau da safe. Wanda ya haɗa, yawanci la'asar ko magariba ke riskarsa a kan hawan, ga gajiya ga hazo.

Daga Numan zuwa Jalingo hanya biyu ce: ta Mayo Lope kai tsaye, ko zagaye ta Mayo Belwa da Zing. A tambayi direbobin tashar Numan a ranar wacce ta fi lafiya, domin amsar tana canjawa daga damina zuwa damina.

Maman Hanifa: Tunda ya ce ruwa, gara a faɗa masa gaskiya tun yanzu. A saman Mambila koguna ne da ƙoramu da ruwa mai zubowa daga dutse, amma babu wani babban tafki. Akwai ƙaramar madatsar Tunga kusa da gonar shayi ta Kakara. Manyan ruwan suna kan hanya ne tun kafin a shiga Taraba. Madatsar ruwa ta Dadin Kowa tana gabas da Gombe a hanyar Biu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, a kan kogin Gongola. Madatsar Kiri ma a kan Gongola take, a yankin Shelleng na Adamawa, an gina ta ne domin noman rake na kamfanin sukari da ke Numan. Dadin Kowa ta fi sauƙi: a isa Gombe da azahar, a je da la'asar, a dawo kwana. Kiri sai an ratse daga babbar hanya, tana cin rabin yini.

Abu biyu a duka wuraren. Akwai dorina, kuma dorina mai ɗa ba ta gudun kwalekwale. Na biyu, kada yara su shiga ruwan gefen da ke kwance da ciyawa, nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. Ba a ganin alamar sai bayan makonni, yaro ya fara fitsarin jini ana ta neman dalili.

Oga Bakanike: To a zo kan mota. Kowa hawa yake tsoro, alhali gangara ce ke kashe mutane. Hawa in ya gagari mota tsayawa za ta yi. Gangara in ta gagari birki ba tsayawa.

Ga lissafin. Sienna da mutum bakwai da kaya za ta kai kilo 2,500. Daga saman dutsen zuwa Mayo Selbe za a sauko sama da mita 1,000. Nauyin nan in ya sauko wannan tsayin, zafin da yake haifarwa ya isa ya tafasa ruwa jarka uku mai lita 25. Iska da gogar taya suna ɗauke wani kaso, sauran kuwa ko inji ya shanye ko birki. Faifan birki ƙarfe ne da bai wuce faɗin tire ɗin shayi ba. In ka bar masa aikin shi kaɗai, kafin rabin gangarar ya ƙoshi.

Abin da za a yi kafin a bar Kano:

Man birki a zubar da tsohon gaba ɗaya a sa sabo, ba ƙari a kai ba. Man birki yana shan laima daga iska. Sabon man birki mai lamba DOT 3 sai zafi ya kai 205 a ma'aunin Salshiyas yake tafasa, wanda ya sha laima kuwa a 140. DOT 4 sabo 230, mai laima 155. In ya tafasa sai ya zama tururi a cikin layi, tururi kuma matsuwa yake yi, sai ka taka feda ta tafi ƙasa kamar ka taka soso. Lita guda ta isa a wanke layin duka, a fara fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da direba. Gwangwani a rufe za a saya, ba wanda aka buɗe aka ajiye a shago ba.

Fad ɗin birki in naman da ya rage bai wuce milimita 3 ba a canja, ni ma dai zan ce ko 5 ne a canja saboda wannan hanyar. A canja mako guda kafin tafiya don ya zauna a kan faifan. Sabon fad da aka ɗaura jiya bai gama kamawa ba. A cire ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu a goge a shafa giris, don in ɗaya ya cije, fad ɗin gefe guda zai yi ta gugar faifan ko ba a taka ba.

Baban Khalifa: Oga, mota otomatik kuma ya ake riƙe ta da giya? Ni na ɗauka sai mai kuloci.

Oga Bakanike: Dubi sandar giyarka Alhaji, bayan D akwai 4, 3, 2, L. Ba ado ba ne. Ƙa'idar tsoffin direbobi ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. A mafi yawan gangarar Mambila 2 ce, a kwanoni masu tsini L. Injin zai yi ƙara, allurar ta hau 3,000 zuwa 4,000, wannan ba lahani ba ne. Amma a sa giyar tun kafin a shiga gangarar. In mota ta riga ta ɗauki gudu ka ja zuwa L, kwamfutar motar ba za ta karɓa ba sai gudun ya ragu, don ta kare injin. Wannan ne ke firgita mutane su ce giya ta ƙi shiga.

Yadda ake taka birkin ma da bambanci. Ba a ɗora ƙafa a bar ta tana lasar feda tun daga sama har ƙasa. Bari gudu ya kai 40, taka da ƙarfi daidai ka mai da shi 30 cikin daƙiƙa uku ko huɗu, ɗage ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. A rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Ɗan Tasha: Direbobin haya da yawa firi suke sakawa a gangara don rage shan mai, kuma suna isa lafiya.

Oga Bakanike: Suna isa har ranar da ba su isa ba. Kuma ko man ba a ragewa. Motar da ke da injekta, in tana cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur a gangara, kwamfuta yanke mai take yi gaba ɗaya, taya ce ke juya injin. A firi kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Wato mai firi ya fi shan mai, ga shi ya jibga wa birki dukan kayan. Wanda ya kashe injin ɗungurungum ya fi kowa ganganci: bayan taku biyu ko uku iskar da ke taimaka wa birki ta ƙare, feda ta zama dutse, sitiyari ya yi nauyi.

Direban Serti: Ƙari a kan na Oga. Alamar birki ya fara gajiya wari ne kamar na ƙonannen kuloci, sai kuma ka ji kana ƙara ƙarfin taku motar ba ta amsawa kamar ɗazu. In fedar da tauri amma ba kamu, fad ne ya yi zafi. In ta yi laushi ta nutse, mai ne ya tafasa, sai a yi ta bugun fedar da sauri ana sauke giya ɗaya bayan ɗaya. Da an samu fili a tsaya, a sa weji a taya, a jira minti 30 zuwa 45. Kada a watsa wa faifan ruwa. Yaran mota suna yi, ƙarfen ya murɗe, daga ranar sitiyari ya dinga karkarwa duk sanda aka taka birki.

A tuna kuma birkin ajiye Sienna na ƙafa ne, yana kullewa in an taka. Ba irin na hannu ba ne da za ka riƙe maɓalli kana ja kana saki. In aka danna shi da ƙarfi ana gudu, tayoyin baya su ƙame, gindin motar ya juyo.

A hawan da ke tsakanin Mayo Selbe da Maisamari, wajen da ake kira Biyu da Sisi, a yi hon kafin kowace kwanar da ba a ganin bayanta. In an yi kiciɓis a wuri matsattse mai saukowa ne ke ba mai hawa hanya. Kada a bi gindin babbar mota mai kaya a hawa, a bar tazarar mota huɗu ko biyar, don in giya ta kuɓuce mata baya take dawowa. Kuma duk wanda ya sa dutse a taya ya ɗauke shi daga kan kwalta in zai tafi.

Injiniya Mai Lagireto: Hawa ma yana da nasa. Injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iskar ta yi shara-shara. A saman Mambila, mita 1,600 ko sama, kusan kashi 15 ya tafi. Motar za ta yi nauyi, ba lalacewa ta yi ba. A riƙe ta a 3 ko 2, kada a bar ta a D tana hawa tana sauka tsakanin giyoyi, wannan ne ke dafa man giya. A duba man giyar tun a gida: ja ko ruwan hoda lafiya, baƙi mai ƙauri a canja, da irin wanda aka rubuta a jikin sandar awonsa.

Ruwa a mita 1,600 yana tafasa ne a kusan 95, ba 100 ba. Abin da ke hana na lagireto tafasa shi ne murfin, wanda ke riƙe matsi ya ɗaga wurin tafasar zuwa wajen 120. Murfin da robarsa ta tsage ya mai da lagireto tukunya a buɗe. Shi ne abu mafi arha a duk lissafin nan, a sayi sabo mai lambar da ke jikin tsohon. A zuba kulant rabi ruwa rabi, ba ruwan rijiya zalla ba. A tabbatar fankokin biyu suna tashi. A wanke fuskar lagireton daga ciki zuwa waje, ƙura da ƙwari suna toshe ta.

In allurar zafin inji ta fara hawa: kashe AC, kunna hita har ƙarshe a buɗe gilasai, samu wuri ka tsaya ka bar injin yana aiki a hankali. In tururi ke fita ko ruwa na zuba, a kashe nan take. Ba a taɓa murfin sai bayan rabin awa, da tsumma, a juya kaɗan a bar shi ya huce.

Ɗan Tasha: Shi ya sa ake cire tamostat, abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye, shi ke nan ba zafi.

Injiniya Mai Lagireto: Malam, wannan maganin Kano ne a watan Afrilu, kuma ko a can ɓoye cuta yake yi. A Nguroje da asubar Disamba injin da ba tamostat ba zai kai zafin aikinsa ba. Kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyi ne, ta yi ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi, hita ba ta ba da ɗumi. A doguwar gangara kuma allurar faɗuwa take yi ƙasa. A mai da shi. Motoci da yawa ma an yanke musu layin hita an toshe, a duba, domin a can hita da AC ne ke share gumin gilashi in hazo ya sauka.

Oga Bakanike: Injiniya ya yi gaskiya, da sharaɗi ɗaya: tamostat na kirki. Na jabu in ya cije a rufe, gara babu. A gwada shi a tukunyar ruwan zafi kafin a ɗaura, ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. Ga mai Sienna ta 2004 zuwa 2006 mai inji 3.3 da ke karantawa, taimin ɗinka bel ne, ana canja shi wajen kilomita 145,000. Ta 2008 mai 3.5 sarƙa ce, wannan ba damuwar Alhaji ba.

Mai Faci: Taya. A jikinta akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar da gefenta ya fara tsattsagewa a ajiye ta ko zanenta na nan. Zane ya kai milimita 3 in za a bi jiƙaƙƙen kwalta. Iska a bi abin da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe taya na sanyi. In an hau dutse awon yana ƙaruwa da kusan PSI 2 saboda tsayi, sanyin can kuma ya rage kusan hakan, don haka ba sai an taɓa ba. Safaya ta Sienna a ƙarƙashin mota take, ana sauke ta da igiyar ƙarfe. A gwada saukewa a gida, tsatsa tana kama ta. A riƙe katako mai faɗi na ɗora jak, ƙasar gefen hanya a can tana da laushi.

Malamar Gandun Daji: A dawo kan wata, don shi zai yanke abin da za a gani. Damina a Mambila doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma Agusta tsakiyarta ce. Kore kam ba a magana, amma hazo yana rufe kwarin da aka je kallo, gefen dutse yana zaftarewa kan hanya, hanyoyin ƙauye kuma jar laka ce mai santsin sabulu. Sienna tsakanin cikinta da ƙasa bai kai santimita 18 ba, da kaya ma ƙasa da haka. Janairu da Fabrairu hanya lafiya, amma ciyawa ta bushe, an ƙone wasu tuddan, ƙurar hunturu ta dushe nesa. Tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ne daidai: ruwa ya ɗauke, tuddan ba su bushe ba, ƙoramu na gudu.

Dazuzzukan biyu ne kuma ba iri ɗaya ba. Gashaka Gumti, mai hedikwata a Serti, shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991. Ana biyan kuɗin shiga a ofis a ba ka jami'in rakiya, ba a shiga kai kaɗai. Hanyar ƙauyen Gashaka tana tsallaka koguna, ta mota mai jan taya huɗu ce ko babur, a bar Sienna a Serti. Akwai birai iri-iri, har da baƙi da fari mai dogon gashi, da dorina a kogin Kam. Cimfanzi yana nan amma ganinsa sai an kwana ana bi, kada a yi wa yara alkawari. A sa riga mai dogon hannu mai haske, ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi.

Na biyu Ngel Nyaki, a saman dutsen kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje. Keɓaɓɓen wurin murabba'in kilomita 46 ne, amma kurmin kansa kusan 7 ne kawai, maƙale a gefen kwari. Daga Yelwa tafiyar ƙafa ce ta ƙasa da awa guda a cikin ciyawa, sai kawai ƙasa ta yanke a gabanka, ka ga kan itatuwa a ƙarƙashin ƙafarka, gansakuka na lilo a rassan. Akwai tashar bincike a bakinsa, a nemi izini da ɗan jagora. Dogayen itatuwan da ke jere a gefen garuruwa kuwa ba na asali ba ne, bishiyar turare ce da wasu ke ce wa zaiti, dasa ta aka yi don katako da itacen girki.

Baban Khalifa: Hajiya, Chappal Waddi fa? Yaran sun karanta a makaranta.

Malamar Gandun Daji: Mita 2,419, mafi tsayi a Najeriya, a kan iyakar Kamaru. Ba a zuwa da mota. Babur ne sannan ƙafa na kwanaki, da jagora da kayan kwana. A bar shi sai sun girma. Gonar shayi ta Kakara ta fi dacewa da su, a je da safe lokacin da ake tsinkar ganye.

Malamin Tarihi: Abin da za a iya faɗa musu a hanya: yankin nan a da ƙarƙashin Jamus yake, daga baya ya zama cikin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo, sai ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta shigo da shi Najeriya. Aka sa wa lardin suna Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da Gembu ke hedikwatarta take amsawa har yau. Fulatanci yana tafiya sosai a kasuwannin can tare da Hausa. Saboda kusancin iyaka akwai shingayen jami'ai, kowane babba ya riƙe katin shaidarsa.

Direban Serti: Mai: a cika tanki a Jalingo, a sake cikawa a Bali ko Serti ko da rabi ne ya tafi. Tankin Sienna bai kai lita 80 ba, da wannan kayan a lissafa lita 14 zuwa 15 a kilomita 100. A sama mai ya fi tsada, wani lokacin sai na 'yan bumburutu, a tace shi da kyalle. Ba a hawa da ƙasa da rabin tanki. A riƙe tsabar kuɗi, sabis yana ɗaukewa a tsakanin garuruwa. Ba tafiyar dare ko kaɗan daga Numan zuwa gaba, kuma a tambayi halin tsaro a tashar Jalingo da ta Bali kafin a wuce.

In hazo ya rufe, ƙaramar fitila za a kunna, babbar dawo da haske take yi cikin ido. Shanu suna kwanciya a kan kwalta a wajen Nguroje saboda ɗuminsa.

Maman Hanifa: Rigunan sanyi da safa da hula ga yaran, ba duk masauki ke da bargo isasshe ba. Kuma kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi. Hayaƙinsa ba ya wari, barci yake sawa, mutum ba ya farkawa. A ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Gidan sauro kuma don daren Jalingo da Serti. Yaron da mota ke juya wa ciki a ba shi maganin amai awa guda kafin Mayo Selbe, ya zauna inda yake ganin gaba, ba kujerar ƙarshe ba.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri. Mun mai da shi ƙarshen Nuwamba, kwana tara. Oga, wejin na katako zan sa a yanko ko dutse ya isa?

Oga Bakanike: Katako, guda biyu, faɗin taya, a ɗaura musu igiya don a janyo su ba tare da an sa hannu ƙarƙashin mota ba. A ajiye su kusa da ƙofa, ba ƙarƙashin akwatuna ba.